Me ke dawo da yaro kan gem: daɗin wasan, ko tarkon da aka ɗana masa?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masu ilimin abin. Ina koyar da lissafi a firamare, aji huɗu da biyar. Wata bakwai ke nan ina haɗa wani ɗan gem na waya don yara su haddace lissafin sau, tun daga sau biyu har sau goma sha biyu. Akuya ce take son shiga gona, duk amsar da yaro ya ci sai a kafa itace ɗaya a shinge, in ya faɗi sai akuyar ta matso. Na gwada da yara goma sha biyu a unguwarmu. Ranar farko har faɗa suka yi a kan wa zai fara. Kafin kwana huɗu uku kawai suka rage suna tambaya. Wani abokina ya ce in sa abubuwa uku: rayuka masu ƙarewa, ƙirgen kwanakin da yaro ya jera bai yi fashi ba, da akwatin sa'a wanda ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Ya ce duk manyan gem da haka suke riƙe mutane. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma kuma ba na son wahalar wata bakwai ta tashi a banza. Me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Sana'ata ke nan, tsara manhajoji, kuma abokinka bai yi maka ƙarya ba. Asalin abin daga wani masanin halayyar ɗan'adam ne na Amurka, B. F. Skinner. A shekarun 1930 ya fara sa ɓera, daga baya kuma tattabara, a akwati mai maɓalli, in ta danna ko ta caka sai abinci ya faɗo. Abin da ya gano shi ne, in kowane caki yana kawo hatsi, da an daina bayarwa tattabarar ba ta daɗewa take haƙura. In kuwa ba ta san caki na nawa ne zai kawo ba, wani lokaci na uku, wani lokaci na arba'in, to ba ta tsayawa, ko an daina bayarwa ta daɗe tana caka. Akwatin sa'a ke nan. Rayuka kuma dubi Candy Crush, gem ɗin jera alawa, wanda ya fito a 2012. Rai biyar ake ba ka, kowane ɗaya sai bayan minti talatin yake dawowa. Mutane suna ɗauka hukunci ne. A'a, ana tashinka ne daga kan tuwo tun ba ka ƙoshi ba, don ka dawo da yunwarka. Kamfanin da ya yi shi, King, an saye shi a kan dala biliyan 5.9 a 2016. Ni dai shawarata ka sa ƙirgen kwanaki da ɗan akwatin kyauta. Ilimi kake son cusawa, wuƙar da ta yanka naman layya ai ba laifinta ba ne don wani ya yi ɓarna da irinta.

Maman Ummi: Injiniya ka yi haƙuri, ni uwa ce, bari in faɗi abin da na gani da idona. Ɗana na biyu shekararsa goma sha ɗaya. Akwai wani gem da yake yi a wayata, kullum in ka shiga ana ba ka kyauta, kyautar tana ƙaruwa in ba ka yi fashi ba. Yaron da sai na yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, sai ga shi yana rigana tashi, yana laluben wayar a ƙarƙashin filona. Na ɗauka shiriya ce ta zo. Ya jera kwana tamanin da wani abu. Sai aka ɗauke mana wuta kwana biyu, wayar ta mutu, ni kuma ina fama da zazzaɓi ban aika wajen masu caji ba. Da aka kunna ya ga ƙirgen ya koma sifili, wallahi ya zauna a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa yana kuka irin wanda bai yi ba ranar da ya karye a hannu. Ya ƙi cin abincin dare. Na tambaye shi wasan ne yake da daɗi haka? Ya ce, "Mama, ni na ma gaji da shi, kwanakina ne suka tafi." Wannan maganar har yau tana cina a rai. Malam, don Allah kada ka sa wa 'ya'yan mutane wannan abin.

Injiniya: Allah ya ba da haƙuri Hajiya, abin da ban tausayi. Amma irin wannan akwai maganinsa. Duolingo, manhajar koyon harsuna, tana da ƙirgen kwanaki, kuma ta tanadi wata kariya da in ka yi fashin kwana ɗaya ƙirgenka ba zai rushe ba. Mutane da yawa ba don ƙirgen nan ba da tuni sun watsar da karatun.

Ɗan Fagge: Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Duk wanda yake Arewa a 2024 ya ga abin da mainin, wato dangwalar waya don tara kuɗin kirifto, ya yi mana. Notcoin ya fashe a watan Mayu, wato ya shiga kasuwa, wasu suka samu kuɗi, shi ke nan kowa ya tsunduma. Hamster Kombat suka ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Ku duba yadda aka tsara su. Ba wani wasa a ciki, dangwale ne kawai. Amma akwai ma'aunin ƙarfi da yake ƙarewa ya sake cika a hankali, don ka riƙa dawowa. Akwai kati uku na kowace rana da sai ka nemo, akwai kalmar sirri da ake bugawa da ɗigo da ja, akwai ladan gayyato aboki. Ni a wani daga cikin irinsu na yi wata biyar. Waya biyu, a shago, a adaidaita sahu, har a wajen zaman makoki na tsinci babban yatsana yana motsi a cikin aljihu. Abin da na samu a ƙarshe bai mayar mini da kuɗin datar wata ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, tun a wata na uku jikina ya ba ni ba abin kirki za a samu ba, amma na kasa bari. Ina ganin lambobin nan da na tara, sai in ji in na tsaya yanzu na yi asara.

Ɗalibar Halayya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen ilimin halayyar ɗan'adam, kuma abin da Anti Maman Ummi da Yaya Ɗan Fagge suka faɗa abu ɗaya ne. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayaninsa a 1979: zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa ƙarfi a zuciyar mutum. Wanda ya yar da dubu ɗaya ya fi wanda ya tsinci dubu ɗaya daɗewa yana tunawa. Ƙirgen kwanaki ba ya ba yaro komai, yana ƙera masa abin da zai ji tsoron rasawa ne, kuma kullum abin ƙara nauyi yake.

Amma Malam, binciken da ya fi shafarka shi ne wanda Mark Lepper da abokan aikinsa suka yi a 1973 da yaran nazare da dama can suna son zane. Aka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu in sun yi zane za a ba su takardar yabo. Na biyu aka ba su takardar ba tare da an yi musu alkawari ba. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye kayan zanen a aji, ba alkawari ba kyauta, aka zuba ido. Waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zanen sosai, lokacin da suka ba shi wajen rabin na sauran ne. Zanen da suke yi don suna so ya koma aikin lada, da ladan ya ɗauke sai sha'awar ta bi shi. Kai kuwa burinka yaro ya zauna da lissafi a takarda ranar jarrabawa, inda babu akwatin sa'a.

Baffa Mai Goro: 'Ya'yana, ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne ya sa ni a wannan zauren. Mu dara muka tashi da ita. Gurbi talatin a ƙasa, kowa 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. In ka jera uku ka ci ɗan abokin wasanka. Ba wanda yake ba mu kyautar shiga, ba wanda yake ƙirga mana kwana, amma shekara arba'in muna haɗuwa a gindin darbejiyar nan bayan la'asar. Abin da yake dawo da ni shi ne jiya wane ya yi mini wata dabara, na kwana ina juya ta, yau ina so in nuna masa na gano bakin zaren. Kuma da an kira magariba sai a share gurbin da tafin hannu, kowa ya kama buta. Dara ba ta taɓa biyo ni gida ta ce in dawo ba.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Baffa. Maganarka gaskiya ce, amma dara ba ta da abokan gasa dubu a cikin aljihu ɗaya. Gem ɗin Malam yana zaune ne kusa da TikTok da Free Fire. In ya tsaya kunya, yaran can za su tafi, kuma can ba mai tausayinsu.

Abu Hafsa: Ni tambayata a kan akwatin sa'ar nan ce. Ka biya kuɗi, ba ka san abin da za ka samu ba, wani ya dace wani ya tashi da wofi. Mene ne bambancinsa da caca?

Ɗalibar Halayya: Ba kai kaɗai ka yi wannan tambayar ba Malam Abu Hafsa. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta bincika wasu manyan gem, ciki har da FIFA 18 da Overwatch, ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu. Ƙasar Sin tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yawan yiwuwar samun kowane abu a akwatin. Japan ma a 2012 ta hana wani nau'insa, wanda sai ka haɗa wasu kaya na sa'a cif kafin a ba ka babbar kyauta. Akwai kuma dabarar "saura kaɗan". Wani bincike da aka yi a jami'ar Kambirij a 2009 ya nuna cewa in mutum ya kusa ci ya kuskure, sassan ƙwaƙwalwar da suke motsawa lokacin cin su ma suna motsawa, sai ya ji yana son ya sake. Shi ya sa za ka ga kibiyar da'irar sa'a da ake juyawa ta tsaya dab da babbar kyauta, ko saura alawa ɗaya motsinka ya ƙare, nan take a miƙo maka tayin ƙarin motsi biyar.

Abu Hafsa: To ni dai ko babu kuɗi a ciki ba na son a saba wa yaro da bugun zuciyar jiran sa'a. Yau akwatin kyauta ne, gobe shagon caca na ƙwallo a bakin titi. Hukuncin kuwa a kai wa malamai, amma a yi musu bayanin yadda abin yake aiki dalla-dalla kafin su yi magana.

Injiniya: A nan na yarda da ku, na janye maganar akwati. Kuma don kada a ce ina kare duk abin da 'yan sana'armu suke yi: a Disambar 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, masu gem ɗin Fortnite, biyan dala miliyan 245 don a mayar wa mutane, saboda an tsara maɓallan ta yadda danna ɗaya cikin kuskure yake cire kuɗi, yara suna saye iyaye ba su sani ba. Wannan zalunci ne, ba gwaninta ba.

Amma Malam, na sake karanta saƙonka na farko, na ga duk mun yi tsalle mun wuce tambayar da ta kamata a fara da ita. A ina yaran suke tsayawa? Ka taɓa zama a bayansu ka yi shiru kana kallo? Bari in ba ka misalin da ake koya wa duk mai shiga wannan fanni, matakin farko na gem ɗin Super Mario Bros na 1985, aikin Shigeru Miyamoto da abokansa. Ba rubutun bayani ko ɗaya. An ajiye Mario a hagu yana kallon dama, gabansa fili, sai ka san dama za ka nufa. Wani ɗan dodo yana tahowa a hankali, ko ka yi tsalle ko ya kashe ka, in ya kashe ka ma ba ka yi asarar komai ba don yanzu ka fara. Ga tubali mai alamar tambaya yana ƙyalli a sama, dole hannunka ya yi ƙaiƙayi ka buga shi. Da naman kaza ya fito sai ya gangara ya bugi bututu ya juyo kanka, wuri ya ƙure, da wuya ka kauce. Kana tsoron abin cutarwa ne, ya taɓa ka sai ka ga ka ƙara girma. Cikin ƙasa da minti ɗaya an koya maka wasan duka, kuma kana jin kai ka gano da kanka. Wannan jin na "ni na iya" ya fi kowace kyauta riƙe mutum. Je ka kalli yaran, kada ka taimaka musu ko sun kalle ka, ka dawo ka ba mu labari.

Maman Ummi: Wannan kam magana ce. Allah ya yi albarka.

Malamin Lissafi: Na dawo, ku yi haƙuri da shirun kwana biyar. Na bi shawarar Injiniya, kuma gani ya kori ji. Na tara yara shida a soro ranar Asabar, na ba su wayar, na koma gefe da littafina.

Abu na farko, ƙarar da na sa in an kuskure amsa. Wata ƙara ce mai kama da hon, ga jan kuros ya cika allo. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta kuskure shida sau bakwai, ƙarar ta tashi, sauran suka kwashe da dariya, wani ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa. Ta miƙa wayar ba ta ce uffan ba, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ba ta sake karɓa ba har muka tashi. Ni da hannuna na ƙera abin da yake tona mata asiri a gaban 'yan'uwanta. A aji ba zan taɓa yi wa ɗalibi haka ba.

Na biyu, mataki na uku sau uku ne, na huɗu kuma na haɗa sau shida da bakwai da takwas wuri ɗaya, ga agogo na daƙiƙa biyar. Biyar cikin shidan a nan akuya ta cinye musu gona. Ni da na haddace tun ina yaro ban ga tsayin katangar ba. Na uku, maɓallan amsa sun yi ƙanana kuma sun matsu, ga gilashin wayar a fashe ta gefe. Sau da yawa yaro ya faɗi amsar daidai da bakinsa, yatsansa ya taɓa ta kusa.

Na huɗu shi ya kashe maganar ƙirgen kwanaki gaba ɗaya. Na tambaye su wa yake da waya. Babu ko ɗaya. Ta baba ce, sai ya dawo kasuwa da dare, in ya ga dama. Ta yaya ce, in tana da caji. Wani ya ce babansa direba ne, sai ya yi kwana huɗu bai kwana gida ba. Da na sa ƙirgen, da na hukunta yaro a kan tafiyar babansa.

Ɗalibar Halayya: Malam, abin da ka gani a mataki na huɗu shi ne abin da Mihaly Csikszentmihalyi ya yi littafi a kansa a 1990. Mutum yana nutsewa cikin aiki ne in wahalar aikin ta yi daidai da iyawarsa, ta ɗan ɗara kaɗan. In ta yi ƙasa ya gundura, in ta yi sama ya firgita ya gudu. Ga wata dabara kuma da ba na ganin cutarwa a cikinta. A wani gwaji da aka buga a 2006, a wurin wankin mota aka raba kati iri biyu. Ɗaya gurbi takwas babu hatimi ko ɗaya, ɗaya gurbi goma amma an riga an buga biyu kyauta. Duka wanki takwas ake bukata kafin a samu na kyauta. Masu katin da aka fara musu kashi 34 cikin ɗari suka cika, ɗaya ɓangaren kashi 19. Ka fara wa yaro shingen da itace biyu a kafe, ya ga aiki ya riga ya kankama.

Abu Hafsa: Ita ma wannan ai wayo ce 'yar'uwa. Ina iyakar take?

Ɗalibar Halayya: Wayo ce, ban musa ba. Ni ma'aunina shi ne, in an bayyana wa uwar yaron dabarar ƙarara, za ta yarda? "Mun kafa masa itace biyu don ya samu ƙarfin gwiwa," za ta ce madalla. "Mun sa masa tsoron rasa kwanakinsa don ya kasa bari," sai a tambayi Anti Maman Ummi.

Injiniya: Ma'aunin ya yi, amma ina nan a kan cewa sai an samu abin da zai tuna wa yaro ya dawo, in ba haka ba gyaran nan duka zai zauna a waya ba mai buɗewa. Dubi Wordle, gem ɗin gano ɓoyayyar kalma, da ya fito a 2021. Kalma ɗaya tak a rana, gwaji shida, in ka gama ya sallame ka sai gobe. Duk da haka mutane suka yi ta dawowa har jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, saboda kowa kalma ɗaya yake nema a ranar, ana hirarta. Shi ma yana ƙirga kwanaki, kada mu manta.

Baffa Mai Goro: To ai hirar ce darar, ɗana. Abokin wasa.

Malamin Lissafi: Baffa, maganarka na ɗauka. Ga abin da na yi a makon nan. Na cire hon da jan kuros. In yaro ya kuskure shida sau bakwai, sai layi shida na masara ya fito, kowanne da tushe bakwai, ya ƙirga ya sake gwadawa. Na raba mataki na huɗu gida uku, na cire agogo sai ga wanda ya zaɓa. Maɓalli uku manya maimakon shida. Shinge yana farawa da itace biyu. Bayan tambaya ashirin akuya ta kwanta barci, gem ya ce a mayar wa mai waya wayarsa. Na kuma sa wasan mutum biyu a waya ɗaya, ana miƙa wa juna, gona ɗaya suke karewa tare.

Jiya yarinyar nan ta zo da ƙanwarta, suka zauna a kan dakali suna miƙa wa juna wayar. Na ji tana ce mata, "Ba arba'in da takwas ba ne, ƙirga layin." Takwas cikin sha biyun suka zo wannan Asabar ɗin. Sati ɗaya ne kawai, sai na ga abin da wata guda zai nuna. Injiniya, maganar tunatarwa ba ta mutu ba, amma tunda wayar ta iyaye ce, su zan aika wa, kuma sau ɗaya a mako. Ranar Juma'a bayan an sauko ko Asabar da safe, wanne kuke ganin ya fi?

Maman Ummi: Asabar da safe Malam. Juma'a gidan cike yake da baƙi, wayar ma ba ta zama a hannuna.